Yadda rabon kwanakin ɗaga ƙarfe ya canza min jiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Zariya, kuma na daɗe ina ɗaga ƙarfe, har ta kai yanzu in sabon yaro ya shigo jim ɗin unguwarmu, wato wajen motsa jiki, wajena ake turo shi. Tambayar da kowa yake fara yi min bata wuce ɗaya, Yaya kwana nawa zan riƙa zuwa a sati, kuma wace gaɓa zan yi a wace rana. Wannan ba amsar da ake bayarwa a tsaye bakin benci mutum yana haki bace, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance dani, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Abinda ya kai ni ɗaga ƙarfe ciwo ne. Na yi doguwar jinya ta taifot, da Allah ya tashi kafaɗuna na rame sosai, rigunan da na ɗinka wa kaina duk sun yi min yawa, ga zaman keken ɗinki tun safe har dare ya sa min ciwon baya, in na miƙe sai na dafa tebur. Ummata duk ranar da na je gaisheta sai ta kalle ni tace "anya kana cin abinci kuwa", wallahi wannan maganar tana taɓa ni. Wani abokina mai walda ne ya ja ni zuwa inda suke yi, wani kango ne a bayan layinmu, ba jim irin na masu kuɗi mai madubi da iyakwandishan ba. Kayan aikin duk haɗin gida ne, siminti da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa bututun ƙarfe, da fulawil na mota, da giyar tirela, benci kuwa katako ne aka ɗora a kan ƙarfen da abokin nawa ya haɗa. Amma nauyi nauyi ne, tsoka bata san ko daga ina ƙarfen ya fito ba.

A jikin bangon kangon akwai taimtebul da aka rubuta da gawayi, kuma kowa shi yake bi ba tambaya. Litinin ƙirji, Talata baya, Laraba kafaɗa, Alhamis hannu, Juma'a ƙafa. Wani ne ya kwafo daga bidiyon manyan masu gasar ƙwanji na Amurka. Ranar Litinin ka zo ka ga layi a kan benci, mutum goma suna jiran benci ɗaya, kowa sai yayi set wajen ashirin na ƙirji kaɗai (set shine ɗagawar da ka jera ba tsayawa kafin ka huta), benci a kwance, benci a jingine, dambel, a ƙarshe a rufe da firesof har hannu ya ƙi ɗauka. Ranar Juma'a kuwa da ake ƙafa wajen fayau yake, wannan yace daga masallaci ya wuce ɗaurin aure, wancan yace ziyara, alhali kowa ya san sikwat ake gudu, wato tsuguno da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa.

Watannin farko naji daɗi sosai, jikina ya fara cikowa, abinci ya fara shiga, ciwon bayan ma ya ragu. Sai dai duk wanda ya fara ɗaga ƙarfe haka yake gani ko da wane tsari yake bi, saboda jikin bai saba ba komai ka bashi zai karɓa. Daga baya ne abu ya tsaya cak. Nauyin da nake ɗagawa a benci ya ƙi gaba, damtse ya ƙi ƙaruwa, kuma duk Litinin in na gama ƙirji jikina yayi tsami har Alhamis, ɗaga hannu in auna kwastoma ma sai na cije. Ga kafaɗar dama ta fara min wani ciwo daga gaba.

Babbar matsalar kuma sana'ata ce. Tela bashi da lokacin kansa, wuta ce take da lokacinsa. In an kawo wuta da yamma dole ka zauna kayi aikin zare da guga ko da ka riga ka sa kayan motsa jiki, in lokacin biki ne ga anko an jibge maka, amarya tana kira ƙawayenta suna kira. To a tsarin gaɓa ɗaya a rana, in Talata ta kuɓuce maka shikenan baya sai wata Talatar, wato sati biyu kenan tsakani baka taɓa shi ba. In ka ce zaka rama ranar Laraba sai kafaɗa ta koma Alhamis, hannu ya koma Juma'a, ƙafa ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Na sha duba wata guda in ga ƙirji ne kawai bai rasa rabonsa ba, shima don shine a farkon sati lokacin da mutum yake da zafin nama. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, har na fara tunanin ko jikina ne ba irin mai karɓar ƙarfe ba, na kusa ajiye abin.

Akwai wani dattijo tsohon soja da yake zuwa kangon bayan sallar asuba, Baba muke ce masa. Ya manyanta, gemu duk furfura, amma in ya cire riga ka ga gadon baya da cinya sai ka yi shiru. Ban san shi sosai ba don ni ɗan yamma ne, sai da wata rana aiki ya hana ni yamma na zo da sassafe. Na tarar dashi shi kaɗai, yayi sikwat, ya koma benci, ya ja ƙarfe a sunkuye, ya ɗaga sama da kai, duk a zama ɗaya, kuma duk set ɗin da ya gama sai ya ɗauko wani ƙaramin littafi ya rubuta. Na gaishe shi nace Baba yau ranar wace gaɓa ce kake yi haka, sai yace "ranar jiki ce ɗana." Nace Baba ai ance in an haɗa su tsoka bata samun isasshen aiki. Yace min shi kwana uku kawai yake zuwa a sati, Litinin da Laraba da Asabar, kuma ko wace gaɓa tana samun rabonta sau uku, ku kuma kuna zuwa kwana biyar kowace gaɓa tana samu sau ɗaya, to waye yake bata aiki da yawa. Sannan yace "ka taɓa ganin mai lambu a fadama ya kwarara wa tumatir ruwan sati guda a rana ɗaya ya tafi? Kaɗan kaɗan ake bashi akai akai." Ya tambaye ni nauyin da na ɗaga a benci watan da ya wuce da sau nawa na ɗaga, na kasa faɗa masa daidai. Yace in sayi littafi kafin in sake taɓa ƙarfe.

Maganar ta zauna min amma zuciyata bata gama yarda ba, don duk ƙattin da nake gani a YouTube gaɓa ɗaya suke yi a rana. Ƙanina yana karatun fannin yadda jikin ɗan adam yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, da ya zo shago na kwashe labarin na faɗa masa. Yace Yaya ai maganar Baba tana da tushe. Ya bayyana min cewa in ka wahalar da tsoka da nauyi, jiki yana shiga aikin gyarata da ƙara mata kauri, kuma wannan aikin yana tashi ne na kamar awa 24 zuwa 48 sannan ya sauka ya koma yadda yake, wanda ya daɗe yana yi ma nasa yafi saurin sauka. Kenan ƙirjin da na dake shi ranar Litinin, kafin Alhamis ya gama abinda zai yi, sauran kwanakin zaman jira kawai yake. Kuma tsamin jikin da muke alfahari dashi ba shine alamar tsoka tana girma ba, yawanci alama ce ta cewa an daɗe ba a taɓa wajen ba ko an yi masa aikin da bai saba ba, shi yasa in kana maimaita gaɓa akai akai tsamin yake raguwa amma ƙarfi yana ƙaruwa.

Ya nuna min aikin wani masani ɗan Amurka mai suna Brad Schoenfeld, wanda shi da abokan aikinsa a 2016 suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka ga cewa yin kowace gaɓa sau biyu a sati yafi sau ɗaya wajen ƙara tsoka. Amma ƙanin nawa bai ɓoye min sauran ba, yace a 2019 sun sake tattara bincike mai yawa fiye da na farko, sai suka ga in dai jimillar set ɗin da mutum yayi a sati daidai take, to ko ya raba ta kwana ɗaya ko biyu ko uku bambancin ba wani mai yawa bane. Abinda yafi nauyi shine yawan set masu kyau da gaɓa ta samu a sati, kuma sun nuna cewa daga set 10 zuwa sama ga kowace gaɓa yafi kawo sakamako. Wannan ya sa na fahimci abin da kyau, kuma ina so masu karatu su riƙe shi don kar wani ya ɗauka sau biyu a sati wani sihiri ne. Amfanin rabawar shine set ɗinka suna fitowa da ƙarfi. In ka yi set ashirin na ƙirji a zama ɗaya, na farkon ne kawai na gaske, sauran kana tura rabin nauyi ne da gajiyayyen hannu abokinka yana ja maka ƙarfen daga sama. In ka raba shida yau shida bayan kwana uku, duk sha biyun da ƙarfinka kayi su. Ga mai sana'a irina kuma akwai amfani na biyu da ya fi min komai, in rana ɗaya ta kuɓuce ba gaɓar da zata yi sati biyu a zaune.

Daga baya da na riƙa bibiyar tarihin abin na ga ashe tsarin Baba shine na asali. Steve Reeves da ya ci gasar ƙwanji ta Mr. Universe a 1950, jiki gaba ɗaya yake yi sau uku a sati. Reg Park ɗan Ingila wanda shima ya ci gasar a 1951 da 1958 da 1965, an san shi da tsarin set biyar ɗagawa biyar a manyan ɗage ɗage kwana uku a sati, kuma shine gwanin Arnold Schwarzenegger tun yana yaro. Arnold ɗin kansa da ya ci babbar gasar ƙwanji ta Mr. Olympia sau bakwai, kwana shida yake yi amma kowace gaɓa yana zagayo mata sau biyu zuwa uku a sati. Dorian Yates shine ya shahara da yin gaɓa kusan sau ɗaya a sati, kwana huɗu, gajeren lokaci da tsananin nauyi, kuma ya ci Mr. Olympia sau shida a jere daga 1992 zuwa 1997, to ba zan ce tsarin baya aiki ba. Sai dai su waɗannan ɗaga ƙarfe shine sana'arsu, cin su da barcinsu duk a kansa aka tsara, mu kuwa da muka yi murna lokacin da Samson Dauda haifaffen Legas ya ci Mr. Olympia a 2024, kar mu manta shi ba ya tashi ya je shago yayi ɗinki awa goma kafin ya zo jim. Kuma akwai maganar allurar ƙara ƙwanji, wadda Arnold da Yates duk sun faɗa da bakinsu cewa sun yi amfani da ita. Mai allura jikinsa yana cigaba da gina tsoka kwana da kwanaki, kai da kake kan wake da awara ba haka naka yake ba. Don Allah ƙannena ku nisanci allurar nan, tana taɓa zuciya da hanta, tana rage ƙwayoyin haihuwa, tana sa namiji ya fito da nono, na ga tana yawo a hannun yara yanzu kuma abin yana tada min hankali.

Na koma tsarin Baba, kwana uku, ana tsallake rana a tsakani. Kowane zuwa zan fara da sikwat ko ɗauko ƙarfe daga ƙasa wato dedlif, ina musanya su, sai benci ko ɗagawa sama da kai, sai ja, ko dai jan ƙarfe a sunkuye ko jan jiki sama a sanda, kowanne set uku, ɗagawa shida zuwa sha biyu, in rufe da set biyu na damtse. Awa ɗaya na gama. Dokar littafin kuma mai sauƙi ce, in na kai sha biyu a duk set ukun da kyau ba tare da murguɗa baya ba, zuwa na gaba sai in ƙara nauyi kaɗan in dawo shida ko takwas in sake hawa. Da yake kayanmu na siminti ne, sai da muka kai su wajen mai sikeli a kasuwa muka auna muka rubuta kilo a jikin kowanne da fenti, abokina mai walda kuma ya yanko mana ƙananan faifai na kilo ɗaya da biyu, don tsalle daga wannan bokitin zuwa wancan yayi yawa. Ina tsayawa ne in naji saura ɗagawa ɗaya ko biyu in kasa, ba sai ƙarfe ya danne ni ba kamar yadda muke yi da.

Satin farko abin ya min wani iri, ina fita daga kangon da sauran ƙarfi a jikina har ina jin kamar ban yi komai ba, abokai kuma suna ta tsiya wai na koma motsa jikin tsofaffi. Amma a hankali lambobin littafin suka fara tafiya, benci da ya daɗe a tsaye ya motsa, ciwon kafaɗar ya lafa tunda na daina jibga mata aikin sati a yini ɗaya kuma ja ya zama daidai da turawa. Abinda yafi bani mamaki cinya da baya ne, ni tela ne na san awon jikina, wandunana sai da na buɗe su. Ranar da Umma ta kalle ni tace "Masha Allah yanzu kam ka dawo mutum", na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Alhamdulillah.

Da na kwana biyu a kan haka nauyin ya ƙaru har sikwat da benci da ja a zama ɗaya suka fara cinye ni, sai na koma kwana huɗu, sama da ƙasa. Litinin saman jiki, Talata ƙasa, Laraba hutu, Alhamis sama, Asabar ƙasa, Juma'a na barta gaba ɗaya tunda na san halin ranar. Kowace gaɓa sau biyu kenan, set sha biyu zuwa sha shida a sati. A kansa nake har yanzu. Akwai wani tsarin da matasa suke so sosai, ranar turawa (ƙirji da kafaɗa), ranar ja (baya da damtse), ranar ƙafa, sai a sake zagayowa, kwana shida a sati. Tsari ne mai kyau ga wanda yake da lokacin da abincin da barcin, ɗalibi a hutu misali. Amma in ka san kwana uku kawai zaka iya to ka koma kowace gaɓa sau ɗaya a sati kenan, gara ka haɗa jikin gaba ɗaya. A ra'ayina mutum ya fara ƙirga kwanakin da ya tabbata zai iya zuwa ko a satin da aiki ya fi yawa, sannan ya zaɓi tsari a kansu. Har yau a kangonmu akwai masu bin taimtebul ɗin gawayi kuma wasunsu jikinsu yayi kyau, amma in ka duba su ne waɗanda basa fashi ko rana ɗaya.

Abinci da barci kuwa ba tsarin da zai yi aiki babu su. Masana suna cewa mai son ƙara tsoka yana buƙatar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, wato mai kilo 65 yana neman giram 104. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kaga in da ƙwai kaɗai zaka cika sai ka ci sama da 17, waye zai iya da tsadar nan. Ni da abincinmu na gida nake haɗawa, ƙosai ko alale da ƙwai biyu da safe, wake da shinkafa da rana in sa waken ya fi yawa, awara da yamma wadda ita ce mafi arha a cikinsu, fura da kindirmo, ƙuli ƙuli a aljihu, busasshen kifi a miya, nama in Allah ya hore. Ban taɓa sayen garin furotin na gwangwani ba. Barci shine yafi bani wahala saboda ɗinkin dare, amma na lura duk satin da nake samun awa bakwai zuwa takwas littafina yana tafiya, satin da nake kwana a shago kuwa nauyin da na saba ma sai yayi min nauyi.

Lokacin azumi shine jarrabawar kowane tela, ga ƙishi ga ɗinkin sallah ya taso, wani lokacin daga asham har sahur muna kan keke. Da can a irin wannan lokacin ajiye ƙarfen nake yi gaba ɗaya. Yanzu kwana biyu nake yi a sati, jiki gaba ɗaya, bayan an sha ruwa an yi asham, set biyu biyu kawai amma bana rage nauyin ƙarfen. Ƙanina ya faɗa min cewa riƙe tsokar da ka riga ka gina baya buƙatar aiki kamar ginata, ko kashi ɗaya cikin uku na abinda ka saba ya isa in dai nauyin bai sauka ba, kuma na gani a jikina. Goman ƙarshe kam ko kangon bana leƙawa, ibada da aikin mutane sun isa. Bayan sallah in na huta sai in koma kwana uku na ɗan lokaci da nauyi ƙasa kaɗan da inda na tsaya, kafin in hau kwana huɗun, kuma cikin 'yan satittika lambobin suke komawa inda suke.